Jan hankali ga masu ɗaukar hoto: idan filta ta maƙale ko fokas ya ƙi kamawa

Da zarar hunturu ya kama, bukukuwan aure suka kankama, aiki iri biyu ne ke cika mini tebur a shagon gyara: lensin da fokas ɗinsa ya daina kamawa, da filtar da ta maƙale a bakin lensi. Sau da yawa ta biyun ce ke haifar da ta farkon, domin ɓarnar da na fi gani daga hannun mai kayan take fitowa, garin neman gyara da ƙarfin tsiya.

Zoben yawancin filtoci masu araha na alminiyam ne, siriri, mai saurin lanƙwasa. Ƙurar hazo ta shige tiredi, rana ta gasa shi a filin biki, sai ya cije. Mai shi ya sa yatsu biyu ya matse gefe da gefe. Matsin nan kuwa yana sa zoben ya ɗan baje, ya ƙara kama tiredin, shi ya sa duk ƙarfin da ka ƙara, cizon ƙaruwa yake. Daga nan sai a ɗauko filaya.

Haɗarin ya fi yawa a tsofaffin lensin 18-55 da ke zuwa tare da kyamara, irin Canon IS II da Nikon AF-S VR. Bakinsu yana juyawa tare da fokas, don haka idan maɓalli yana kan AF ka murɗa filta, ɗan injin fokas kake murɗawa tare da ƙananan haƙoransa na roba. In na buɗe irin wannan lensin, haƙoran nake tararwa a cinye, garinsu fari a warwatse a ciki. Filta ta fita, fokas ya tafi.

Ga yadda ake yi. Cire lensin daga kyamara, ka mai da maɓallin kan MF, ko M a Nikon. Naɗa robar ɗaure kuɗi a zoben filtar, ka riƙe bakin lensin da ɗaya hannun, ka juya hagu da yatsu a zagaye ba matsi. In ta ƙi, shimfiɗa tsaftataccen yankin tsohon tib na babur a tebur, ka kife bakin lensin a kai, ka danna kaɗan ka juya. Haka ƙarfin ke rabuwa daidai a duk zoben. Filtar CPL zobe biyu gare ta. Na gaba yana juyawa ne kawai, na bayan za ka kama. Akwai kuma sifanar filta ta roba, ba ta da tsada, sai ka duba girman bakin lensinka: milimita 58 a wancan Canon ɗin, 52 a Nikon. Kada ka ɗiga mai ko kananzir, zai gangara cikin gilasai. In gilashin filtar ya fashe ko zoben ya lotsa sanadin faɗuwa, tsaya nan, wannan aikin mai gyara ne.

Shi kuma fokas, kafin ka yanke cewa ya mutu, bi waɗannan:

1. Duba maɓallin AF/MF. Yakan goce a cikin jaka. Duba menu ma, wataƙila wanda ka ara wa kyamarar ya mai da fokas kan maɓallin AF-ON na baya.

2. In hoto na fita tas amma wurin leƙawa na nuna dishi-dishi, ɗan wilin da ke gefen wurin leƙawar ne ya motsa. Juya shi har rubutun ciki ya fito sarai.

3. Kashe kyamara, cire lensi, ka goge ƙananan ƙarafa masu ruwan zinare da ke gindinsa da ƙyalle busasshe mai laushi. Ta nan lensi da kyamara ke magana. Idan Canon ta rubuta Err 01, maganar ce ta yanke. Idan Nikon ta rubuta FEE, zoben buɗe ido ne bai tsaya a lamba mafi girma ba.

4. Fokas na buƙatar haske da bambancin launi. Ango cikin farar shadda, bayansa farin bango, a zaure bayan magariba, dole lensi ya yi ta kai-komo. Ɗora ɗigon fokas a kan ido ko aikin wuyan riga.

5. Kowane lensi da iyakar kusancinsa. Nikon 50mm f/1.8G ba ya kama abin da ya gaza santimita 45, don haka in za ka ɗauki lallen amarya, ja da baya.

6. Nikon jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu. Ka sa musu tsohon 50mm f/1.8D, sai dai ka juya da hannu, kuma lafiyarsa ƙalau. A kula da wannan wajen sayen na hannu.

7. Cire filtar ka gwada, domin mai datti ko marar inganci tana rikita fokas. Sannan ka gwada wani lensin a kyamararka, ka gwada naka a ta abokin aiki. Nan za ka gane mai laifin.

In ka bi duk wannan kana jin inji na kuka gilashi bai motsa ba, ko zobe ya yi tauri, kashe kyamarar. Ko haƙora ne, ko siririyar wayar ciki ta tsinke, kuma ci gaba da dannawa ƙara kuɗin gyara ne.

Wajen ɗaura filta, hure ƙurar tiredin, ka ɗan goga bakin fensir a kansa, ka tsaya da zarar ta zauna. A lokacin hazo ka riƙa kwance ta kana gogewa bayan kowane aiki. Mai hali ya sayi mai zoben tagulla, ba ta cika cijewa ba. Ku isar wa yaran shagonku, don su suka fi riƙe kayan. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.