Man Giyar Injin Jirgin Ruwa: Kada a Bari Sai Ya Yi Ƙara

Masu jirage a Yawuri, Kainji da bakin Tafkin Chadi sun san zafin injin da ya mutu a tsakiyar ruwa. Sau da yawa kuwa ba daga sama matsalar ke farawa ba, daga can ƙasa ne, wajen farfela, inda man giya yake.

Ka canja shi bayan kowace awa 100 ta aiki, da mai lamba SAE 90 na injin ruwa. Tsayar da injin a miƙe, ka kwance notin ƙasa, sannan na sama, ka tara a kwano. To, dubi abin da ya fito da kyau. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, kuma galibi zaren kamun kifi ne ya nannaɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwan. Zuba sabon mai ba zai magance wannan ba; sai makaniki ya sauya robar. Ɓurɓushin ƙarfe masu kauri kuma alama ce haƙoran giya sun fara cinyewa.

Wajen cikawa ake yawan kuskure. Ta ramin ƙasa ake tura man har ya tumbatso ta na sama, a rufe na sama tukuna, sannan na ƙasa, da sababbin washa.

Man injin kansa kuma daban yake da na giya: injin da ake haɗa masa mai da fetur, irin Yamaha Enduro, man TC-W3 yake so. In littafinsa ya ce 50:1, rabin lita ke nan a lita 25. Don Allah, kada ka zuba masa baƙin man mota.