Asali da Ma'anonin Kalmar "Curry": Darasi a kan Aron Kalmomi

Gabatarwa

Masana harshe sun yi ittifaƙi cewa kalma kan sauya sauti da ma'ana yayin da take ƙaura daga wani harshe zuwa wani. Wannan darasi zai bi diddigin kalmar Ingilishi "curry", wadda Hausawa suka ara suke cewa kori, domin a nuna wa ɗalibi yadda ake tantance asalin kalma ba tare da an ruɗu da kamannin sauti ba.

Asalin Kalmar

Mafi yawan masana sun danganta kalmar da "kari" ta harshen Tamil na kudancin Indiya, wadda ke nufin miya ko mahaɗin shinkafa. Turawan Fotugal, waɗanda suka isa Indiya ta teku a 1498, sun are ta suna cewa "caril". Ta bayyana a rubutun Ingilishi a 1598, cikin fassarar littafin wani matafiyi ɗan ƙasar Holan mai suna Linschoten. A 1747 kuma Hannah Glasse ta kawo yadda ake dafa wannan miya a littafinta na girke-girke.

A hannun Ingilishi ma'anar ta faɗaɗa. Mutanen Indiya suna da suna na musamman ga kowace miya, amma Turawa suka game su duka da suna ɗaya. Daga ƙarshen ƙarni na 18 aka fara sayar da garin kayan yaji a Ingila da wannan suna, wanda akan haɗa da gangamau da citta da hulba da barkono da sauransu.

Kalmomi Masu Kama da Ita

Akwai wasu kalmomi biyu da kan ruɗa mai nazari. Ta farko aikatau ce da ake rubutawa "curry", mai ma'anar goge jikin doki ko gyaran fata bayan jima. Tushenta tsohon Faransanci ne, ba ta da dangantaka da Indiya. Daga gare ta aka sami "curry favour", wato fadanci. Asalin maganar wani doki ne mai suna Fauvel, a cikin wata waƙar Faransanci ta farkon ƙarni na 14, wanda manyan mutane ke shafa domin neman alfarma. Da sunan dokin ya ɓace wa jama'a, sai suka musanya shi da kalmar da suka sani.

Ta biyu ita ce "cury" ta tsohon Ingilishi, mai ma'anar girki, wadda ta fito daga aikatau na Faransanci "cuire", wato dafawa. Tana cikin sunan littafin The Forme of Cury, wanda masu dafa wa Sarki Richard na II abinci suka tsara wajen 1390. Wasu kan ɗauka ita ce uwar kalmar, alhali kuwa kama da wane ba ta wane.

Kalmar a Hausa

Da kalmar ta shigo Hausa, wasalinta na farko ya koma "o", kamar yadda ya auku a kofi da bokiti. Ma'anarta kuma ta ƙuntata. Bahaushiya ba ta kiran miya kori. Garin da take barbaɗawa a miya ko dafa-duka shi kaɗai ne kori. Haka nan, kalmar ba ta haɗa komai da aikatau na "ya kori akuya" ba, sai kamannin rubutu.

Kammalawa

Ya wajaba malami ya nemi hujja daga ƙamus da tarihin cuɗanyar al'ummu kafin ya yanke hukunci a kan asalin kalma. Kuskuren da ya faɗa a aji, ɗalibai za su riƙe shi a matsayin gaskiya, su ma su koyar da shi.

Tambayoyi

1. Bayyana matakan da kalmar kori ta bi daga Tamil zuwa Hausa.
2. Bambanta faɗaɗar ma'ana da ƙuntatar ma'ana, tare da misalai.
3. Kawo ararrun kalmomi biyar na girki, ka faɗi harshen da kowace ta fito.