Darasi na Tara: Hausar Asibiti da Fayyace Umarni Kafin Awo ko Tiyata

9.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an ga cewa kowane rukuni na jama'a, kamar mahauta da 'yan kasuwa da direbobi, yana da irin tasa Hausar. Wannan darasi zai dubi Hausar asibiti, musamman wadda ake amfani da ita wajen shirya mutum kafin a yi masa awo, ko tiyata, ko a ba shi gado. Manufar darasin ita ce ɗalibi ya gane cewa kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana a gida, ta ɗauki wata daban a asibiti, kuma rashin bambance su yana iya jawo hasarar rai. Lamarin ya shafi malamin makaranta, domin a ƙauye shi ake kawo wa takardar asibiti ya karanta.

9.1 Hanyoyin Samuwar Kalmomin Asibiti

Kalmomin wannan rukuni sun samu ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce aro, inda aka ɗauko kalmomi irin su asibiti da nas da tiyata daga Ingilishi. Ta biyu ita ce ƙirƙira ta hanyar harhaɗa kalmomi, kamar ƙarin ruwa da ƙarin jini da hawan jini da allurar barci. Ta uku ita ce sauya ma'anar kalmar da harshe yake da ita tun asali. Alal misali, "aiki" ya koma nufin tiyata, "gado" ya koma nufin kwantarwa, "sallama" kuma ta koma nufin izinin komawa gida. A wannan hanya ta uku ruɗani ya fi aukuwa, saboda mai sauraro yana jin kalmar da ya sani, sai ya ɗauka ya fahimta.

9.2 Kalmomi Masu Harshen Damo

(a) Azumi. Idan ma'aikacin ɗakin awo ya ce wa Bahaushe, "Gobe ka zo da azumi," abin da zai zo masa a rai shi ne azumin ibada, wanda ake farawa da sahur. Ke nan yana iya cika cikinsa da asuba, ya ƙi shan ruwa, ya iso asibiti yana ganin ya bi umarni. Alhali awon sukarin jini irin wannan yana buƙatar a yi aƙalla awa 8 ba a sa abinci a ciki ba, ruwa zalla kuwa an yarda a sha.

(b) Ci da sha. A Hausa ba a cin koko ko kunu ko fura, shan su ake yi. Haka ma rake da mangwaro. Saboda haka jumlar "kada ka ci komai" ba ta hana shan fura ba. Wannan yana da haɗari ga wanda za a yi wa allurar barci, domin abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya shiga huhu. Bisa ƙa'idar da aka fi bi, ana barin abinci awa 6 kafin tiyata, kuma fura da nono da kunu duk abinci ne a wurin likita.

(c) Rana. "Sau uku a rana" yana iya nufin daga safe zuwa faɗuwar rana, yana kuma iya nufin duk bayan awa 8, dare da rana.

(d) Majinyaci. Kalmar tana nufin marar lafiya, tana kuma nufin mai kula da shi. In an ce, "Majinyaci kada ya ci abinci," sai a fayyace wanne ake nufi.

9.3 Misali Daga Anka da Bukkuyum

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna cewa gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma, ana kuwa daka su ana niƙa su a cikin gari, har a tsakar gida, yara suna haɗiyar ƙurar. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta taimaka aka yi a Dareta da 'Yargalma ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a shekara ɗaya. An ƙiyasta cewa yaran da annobar ta kashe sun kai 400. An buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, kuma MSF ta ci gaba da aikin har 2022, lokacin da ta miƙa shi ga hukumomin Jihar Zamfara.

Abin lura ga ɗalibin harshe a nan shi ne kalmomi biyu. Ta farko "guba". A tunanin Bahaushe guba abu ce da ake ci ta yi illa nan take. Dalma kuwa a hankali take taruwa, yaro yana iya yin wasansa alhali ta yi yawa a jininsa. Awon jini ne kaɗai ke nuna yawanta, kuma ana fara ba da maganin fitar da ita idan ta kai maikurogiram 45 a kowace desilita ta jini. Mai fassara da ya tsaya ga kalmar "guba" bai bayyana wa uwa dalilin ɗibar jinin ɗan da take ganin lafiyarsa ƙalau ba. Ta biyu "sallama". Sallamar yaro ba ta nufin ya warke, domin dalma tana maƙalewa a ƙashi, ta riƙa komawa cikin jini bayan an gama shan magani. Dole a dawo da shi a sake awo, kuma in ya koma gidan da ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba, an yi aikin baban giwa. Wannan ne ya sa aka haɗa jinya da share ƙauyuka, ciki har da Bagega a 2013.

9.4 Yadda Ake Fayyace Umarni

Malamin da aka nemi ya yi wa wani bayani, ko za a yi awon a Gummi ne, ko an tura shi Gusau ko Sakkwato, ya kiyaye waɗannan:

(i) Ya ambaci abubuwa da sunansu, ya guji kalmar "komai".
(ii) Ya ɗaura lokaci a kan abin da mutum ya saba da shi, kamar tuwon dare ko lokutan salla.
(iii) Ya faɗi dalilin umarnin, domin wanda ya san dalili ya fi kiyayewa.
(iv) Ya tunatar da shi ya gaya wa likita duk maganin da yake sha, har da jiƙo da sassaƙe.
(v) Ya nemi mutumin ya maimaita bayanin da bakinsa. "To" ba shaidar fahimta ba ce, sau da yawa ladabi ne kawai.
(vi) Abin da bai gane ba a takarda, ya mayar da shi ga ma'aikacin lafiya, kada ya yi kirdado.

Kwatanta waɗannan maganganu biyu:

"Baba, an ce gobe ka zo da azumi."

"Baba, in ka ci tuwon dare, to shi ke nan. Ba koko, ba fura, ba shayi, ba goro, har sai an ɗibi jinin da safe, don abinci yana ɓata awon. Ruwa zalla kam kana iya sha."

9.5 Kammalawa

A wannan darasi an nuna hanyoyi uku da kalmomin asibiti suka samu, an kuma ga cewa waɗanda aka sauya wa ma'ana su suka fi kawo ruɗani. Misalin Anka da Bukkuyum ya tabbatar da cewa sauya kalma da kalma bai wadatar ba, sai mai sauraro ya san abin da zai yi da dalilin yin sa.

9.6 Jinga

1. Kawo kalmomin asibiti guda biyar da aka sauya wa ma'ana, ban da waɗanda aka ambata.
2. Me ya sa "kada ka ci komai" bai isa umarni ga wanda za a yi wa tiyata ba?
3. Rubuta bayanin da za ka yi wa uwar da aka sallami ɗanta bayan jinyar gubar dalma, cikin karin harshen garinku.