Gudun Fanfalaki Saboda Masu Farfaɗiya: Hukuncinsa da Abin da Ya Hau Kanmu

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani matashi daga cikin masu halartar karatunmu na bayan magariba ya yi mana tambaya. Ya ce ya ji a rediyo cewa a Ingila mutane suna gudun fanfalaki domin tara kuɗi ga masu ciwon farfaɗiya, shin ya halatta Musulmi ya shiga irin wannan?

Ga yadda abin yake. Tun shekarar 1981 ake yin wannan gudu a birnin Landan, galibi cikin watan Afrilu. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195, watau ya fi zuwa Mirya daga Damagaram da dawowa. Mai niyyar gudu yakan bi dangi da abokai, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar, sa'an nan a miƙa kuɗin ga wata ƙungiyar taimako, kamar Epilepsy Action mai kula da masu farfaɗiya. Da yawa daga cikin masu gudun ɗansu ne ko ƙanensu ke fama da ciwon, kuma sukan rubuta sunan cutar ɓaro-ɓaro a rigunansu domin duk wanda ke bakin hanya ya karanta.

Shi tsere da ƙafa halal ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Muslim kuma ya kawo tseren Salamatu ɗan Akwa'u da wani mutumin Ansar a kan hanyar komawa Madina. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake cikin Muhtasar na Shehu Halilu, sun keɓe sa lada ga tseren dawaki da raƙuma da harbi, sun halatta sauran idan ba a ɗora kuɗi ba. Kuɗin da ake magana a kai nan kuwa ba na wanda ya zo na ɗaya ba ne, sadaka ce da aka nufi majinyata da ita, saboda haka caca ba ta shigo ba. Sai dai a rufe al'aura, kada gudu ya ci lokacin salla, kuma abin da aka tara ya isa hannun masu shi, domin amana ce. Wanda ya san jikinsa ba zai ɗauka ba, kada ya jefa kansa cikin halaka don a yabe shi.

Wannan ita ce amsar tambayar. Amma akwai abin da ya fi ta nauyi a zuciyarmu. Waɗancan mutane sun fito da cutar kan titi, mu kuwa cikin ɗaka muke ɓoye ta. Mun taɓa ganin saurayi ya faɗi a sahu ana sallar la'asar. Kafin a sallame, na damansa da na hagunsa sun ja da baya, wani har yana tattare rigarsa kada yawu ya taɓa shi. Daga ranar ba mu sake ganin saurayin nan a masallaci ba. Yarinya mai wannan ciwo a cire ta daga makaranta, a ware mata ƙwarya, in mai neman aure ya zo a yi ta rufa-rufa. Daga ina muka samo wannan?

Ba daga Sunna ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibnu Abbas ya nuna wa Aɗa'u ɗan Abi Rabah wata mace baƙa, ya shaida masa cewa ƴar Aljanna ce. Ita ce ta je wurin Annabi (S.A.W.) ta faɗa masa tana faɗuwa, kuma jikinta yana buɗewa. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da samun Aljanna, ko ya roƙa mata lafiya. Ta zaɓi haƙuri, ta nemi ya roƙa mata kada ta riƙa buɗewa, ya kuwa roƙa. Ku duba da kyau: da bakinta ta ambaci ciwonta, ba wanda ya kore ta, kuma Aɗa'u ya ce ya gan ta, Ummu Zufar, a jikin rigar Ka'aba. Wadda ba a hana ta Ɗakin Allah ba, wa zai hana ɗan'uwanta sahu a masallacin unguwa?

Kada kuma wani uba ya fake da wannan hadisi ya bar ɗansa ba magani. Ita baliga ce, ta zaɓa wa kanta. Yaro amana ne a wuyan uba, kuma ya tabbata cikin Buhari cewa kowace cuta an saukar da maganinta.

Mun san da dama za su ce ai aljanu ne. Ibnul Ƙayyim, cikin Zadul Ma'ad, ya kasa faɗuwa gida biyu: ta shafar aljanu da ta jiki, wadda masu magani ke bayani a kai. Kuskurenmu shi ne mun mayar da komi gida ɗaya. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce: saƙonnin da ke gudana cikinta ne suke rikicewa na ɗan lokaci. Daga cikin sabubbanta akwai doguwar naƙuda, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da buguwar kai a haɗarin kabu-kabu, da sanƙarau, wanda manyanmu ba su manta annobarsa ta 1995 da 1996 ba. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci ƙwarya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai kimanin miliyan 50, kusan 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, kuma har 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobarbital, wanda aka fi sani da Gardénal a farmasi, tun 1912 ake amfani da shi, kuma yana cikin mafi araha. A yi addu'a, a yi ruƙiyya ta shari'a, a kuma tafi likita. Lokotoro ne zai rubuta ƙwayar, a sha kullum, kuma yanke ta farat ɗaya yana da haɗari ƙwarai.

Idan mutum ya faɗi gabanku, ku kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, ku sa mayafi ƙarƙashin kansa, ku rufe masa al'aura. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin yana iya shaƙewa. In jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, a zauna da shi har ya dawo hayyacinsa. In ta wuce minti 5, a gaggauta kai shi likita. Idan ya farfaɗo zai sake alwalla, kuma a mazhabarmu sallar da lokacinta ya fita duka yana sume babu ramuwarta a kansa, kamar yadda ya zo cikin Risala.

Ga ɗanmu mai tambaya muna cewa: in ku matasa kuna da ƙarfin gudu, ku shirya shi bisa sharuɗɗan da muka ambata, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Mu dattawa da gwiwa ta gaza, namu shi ne aljihu. Muna ba kwamitocin masallatai shawara su ware tarin Juma'a ɗaya cikin watan Maris, tunda ranar 26 gare shi ce aka saba tunawa da wannan cuta tun 2008, a damƙa kuɗin ga amintattu biyu, su riƙa sayen maganin wata-wata ga gidajen da suka kasa, ba tare da an kira sunan kowa a lasifika ba.