Kafin a ce wa yaro ADHD, a tambayi yaushe abin ya fara

Yarinya ce 'yar shekara 11 daga wani ƙauye a yankin Hunkuyi, mai ciwon sikila. Har zuwa aji huɗu, ita ake wa aike uku a lokaci guda ta dawo da canji daidai. Daga baya sai a ce ta sayo gishiri da magi ta biya ta karɓo niƙa, ta dawo da niƙan kaɗai. Ta ɗora tukunya ta tafi har ta ƙone, haddarta ta Islamiyya ta soma zubewa. Aka ce iskanci ne, aka sa bulala. Aka ce shafar aljanu ce, aka yi ruƙiyya da hayaƙi. Sai yayanta da ke karatu a Zariya ya ga wani bidiyo a TikTok ya yanke hukuncin cewa ADHD ce, wato matsalar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, mai kemis kuma, wanda ko rukunin jininta bai tambaya ba, ya ƙulle musu ƙwayoyi a leda. An fi shekara ana wannan walagigi kafin hoton ƙwaƙwalwa ya nuna tabon toshewar jijiya, irin wadda ba ta karkata baki, ba ta shanye hannu. Kusan ɗaya cikin uku na yara masu sikila na gamuwa da ita kafin su girma.

Kasa tsara aiki, kasa fara shi, kasa riƙe umarni biyu a ka, alama ce kamar zazzaɓi, ba sunan cuta ba. ADHD ɗaya ce daga cikin masu kawo ta, kuma da sharuɗɗanta: alamun su bayyana kafin shekara 12, su ɗauki aƙalla wata shida, a gan su a gida da makaranta, kuma ba wata cutar ce ta fi bayyana su ba. Yaron da ya taso lafiya lau, sannan ya canza bayan maleriya ta taɓa masa ƙwaƙwalwa ko bayan sanƙarau, ba a fara da ADHD a kansa. Ga farfaɗiyar da yaro ke ƙurawa wuri ido na 'yan daƙiƙu, ga kunnen da ke ruwa ba ya ji, ga ƙarancin jini. Saurayi mai lodin rake a Makarfi ko tumatir a Ikara, yana haɗiyar tramol don ya jure, ba ya barcin kirki, yaya zai tuna saƙo? Mai jego da ciwon damuwa ya danne ma haka.

Wasu za su ce ADHD cutar 'ya'yan Turawa ce. A'a, akwai ta a nan, kuma masu ita sun sha dukan da bai kamace su ba. Wasu kuma su ce asibitocin Shika da Barnawa sun yi nisa, hoton ƙwaƙwalwa ba na talaka ba ne. Gaskiya ne. Amma tambayar yaushe ya fara, wace rashin lafiya ya yi, yana barci, yana ji, me yake sha, ba ta cin ko kwabo, kuma duk wanda ya fito daga kwalejin lafiya ta Shehu Idris ya kamata ya iya yin ta.

Ku daina karɓar magani a leda ba suna. Bidiyon minti ɗaya ba likita ba ne. Ku daina dukan yaron da ya canza. Idan mai sikila ne kuma karatunsa ya ja baya, a kai shi asibitin sikila a makon nan, a faɗa wa likita wannan maganar da baki, domin ba kowane likita ke tambayar makaranta ba.