Albashin Direban Jirgin Ƙasa: Amsa Ga Mai Sauraronmu Na Bana

Malam Idi daga Bana, a yankin Gaya, yana tambaya ko ana biyan mai koyon tuƙin jirgin ƙasa, kuma me yake samu bayan horo.

To, Malam Idi, mun gode. A al'adar wannan aiki, kamfanin jirgin ƙasa ne ke ɗaukar mutum ya horar da shi, shi ya sa mai koyo kan karɓi alawus, cikakken albashi kuwa sai an damƙa masa jirgi. Saboda haka gaban tambayar albashi akwai tambayar mai ɗaukar ma'aikata. Za ka ce ai layin dogo ya iso Doso. Haƙiƙa ya iso: kamfanin Bolloré ya shimfiɗa shi daga Yamai, aka ƙaddamar a 2016, amma jigila ba ta kankama ba, kuma bai ƙaraso Gaya ba. Layin da jirgi ba ya bi, ba ya biyan direba.

Inda ya fi kyau ka sa ido shi ne layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ranar da aka fara ɗaukar ma'aikata, ka nemi a rubuta maka alawus na horo, kuɗin kwana a hanya, kulawar asibiti da fansho cikin takardar ɗaukar aiki.