Bututun Kwali na Kantin Yadi

Duk wanda ya taɓa shiga kantin yadi, ko a Kantin Kwari ta Kano, ko a kasuwar garinsu, ya ga yadda a ke naɗe yadi a jikin wani dogon bututu na kwali. In yadi ya ƙare sai a yar da bututun. In kuwa mai kanti zai rufe kantinsa ne, sai ka ga an tara su tuli guda, ana neman mai ɗauka kyauta. In ba a samu ba sai a cinna musu wuta, ko su ƙare cikin magudanar ruwa su toshe ta. Wannan asara ce, gama bututun nan abin wasa ne mai koya wa yaro hankali, ba kuwa za mu biya ko kwabo ba.

Da fari mu nemi izini. Mutumin da ya rufe kantinsa yana cikin damuwa. Mu yi masa sallama, mu jajanta masa, mu ce Allah ya mayar da alheri, sa'an nan mu roƙa. Kada mu aiki yara su kwaso a ɓoye, don kada su saba da ɗaukar abin da ba a ba su ba.

To, mu duba bututun. Takarda ce a ka naɗa, wata bisa wata, a ka manne da gam. Takarda guda ko iska ta lanƙwasa ta, amma in an naɗe ta haka sai ta yi ƙarfi, kamar gora, wadda cikinta rami ne amma ta fi ƙarfin hannu. Faɗin yadi yawanci inci 45 ne ko 60, saboda haka dogon bututu ya kan kai wajen kamu uku.

Ga wasa iri uku.

Na ɗaya, gangara. A jingina bututu bisa turmi, yaro ya sako ƙwallon dabino ta sama, ya tare shi ta ƙasa. A ƙara ɗaga bututun, sai ya ga ƙwallon ya fi sauri. Ba wanda ya gaya masa, shi ya gano da kansa.

Na biyu, jeri. Uba ya yanka bututu gunduwa gunduwa, wani taki ɗaya, wani kamu ɗaya. Yaro ya jera su daga gajere zuwa dogo. A rubuta 1, 2, 3 a jikinsu da gawayi. Ka ga ya fara ƙidaya ke nan tun bai shiga makaranta ba.

Na uku, saurare. Yaro ya sa kunne a baki ɗaya, ɗan'uwansa ya yi raɗa a ɗaya bakin. Zai ji maganar sarai, domin bututu ya hana muryar watsewa. Sa'an nan ya ɗora guntun bututu a ƙirjin ɗan'uwansa, ya ji bugun zuciya.

Kada mu raina wannan wasa. A shekarar 1816 wani likita na ƙasar Faransa, sunansa René Laennec, ya naɗe takarda ta zama bututu, ya ɗora a ƙirjin wata mara lafiya. Ya ji bugun zuciyarta fiye da yadda ya saba ji. Daga baya ya yi irinsa na itace. Asalin abin nan ke nan da likita ya ke sawa a kunne ya saurari ƙirjinmu a asibiti.

Amma sai mu lura da abu huɗu. Babba ne zai yi yanka, kada a ba yaro wuƙa. Kada wani ya yi ihu cikin bututu alhali kunnen wani yana jiki, gama ƙara mai tsanani tana lalata ji. Kada yaro ya leƙa rana ta cikinsa, don tana ɓata ido. Yaron da bai kai shekara 3 ba kuwa, kada a ba shi ƙwallo ko tsakuwa, sai ya kai baki ya shaƙe. In an gama wasa a ajiye bututun bisa, inda ruwa da gara ba za su same shi ba, nesa da murhu.

Mu da mu ka yi motar kara da yarinta mun sani yaro ya fi son abin da ya haɗa da hannunsa. Abin wasa na saye in ya karye, kuɗi sun tafi. Kwali in ya mutu, sai a ɗauko wani. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa bututun kwali ya fi takarda guda ƙarfi?
2. Me likitan Faransa ya yi a shekarar 1816?
3. Faɗi abu huɗu da za mu lura da su.